Yadda Ake Sayo wa Kamfani Rana a Tsakiyar Damina

Idan ka samu aikin mataimaki a ofishin sayayya, aka ce sai ka yi wata uku na gwaji kafin a tabbatar da kai, to nemi wuri ka zauna ka karanta wannan a tsanake. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, takardar tabbatarwa sai ta shiga hannunka, ko da kai ne wanda matarsa ba ta yarda ta aike shi sayen albasa.

Ban yi karatu mai nisa ba. A aji huɗu na tsaya, ranar da na bi wani shuɗin tsuntsu daga bakin makaranta har na manta hanyar komawa. Amma shekara ashirin da tara na yi ina dafa shayi ina goge hatimi a ofishin sayayya na wani kamfanin kerupuk, abin ci mai ƙaras-ƙaras da ake soyawa, a garin Sidoarjo na tsibirin Jawa. Mutum goma sha ɗaya na gani sun shigo gwaji, biyu suka tsira. Ɗaya ɗan ƙanwar mai kamfani ne, babu abin koyo a wurinsa. Ɗayan shi ne Gunadi, kuma da shi zan riƙa yi maka misali.

Mataki na 1: Ka yarda cewa abin da ba shi da takarda, babu shi

Gunadi ya zo mana yana da shekara talatin da huɗu, da mata, da 'ya'ya biyu, na uku yana hanya. Kafin nan tabarau yake sayarwa a bakin tasha. Ranar farko ya jawo wata kujera zai zauna, sai shugabar ofis, Bu Lasmini, ta ɗago kai. A can Bu ake ce wa babbar mace don girmamawa, Mas ko Pak ga namiji, Mbah ga tsoho ko tsohuwa.

"Mas Gunadi, wannan kujerar ba ta da lamba."

"To, Bu, amma ai ga ta nan."

"Kai kake ganinta. Kamfani bai gan ta ba."

Kwana tara ya yi yana aiki a tsaye. Kujerar tana gefensa, kyanwar ofis tana barci a kai, don ita ba ma'aikaciya ba ce, doka ba ta hau kanta ba. Kai ma in ka je, kada ka zauna, kada ka jingina, kada ka sha ruwa a kofin da ba ka ga lamba a gindinsa ba.

Mataki na 2: Komai sai farashi uku

Duk abin da za ka saya, ka kawo farashinsa daga mutum uku, a takarda uku, kowacce da sa hannu ko dangwale. Mafi araha shi ya ci. Allura ce, uku. Babbar mota ce, uku. Shekara ashirin da biyu Bu Lasmini ba ta taɓa karya wannan doka ba. Ana cewa ko mijinta cikin uku ta zaɓe shi, kuma duk wanda ya gan shi ya san shi ne mafi araha.

Ka san kerupuk ba abin da yake so sai bushewa. A kwaɓa garin rogo da jatan lande, a turara, a yanka fale-fale, a shanya. In ya bushe ya shekara a buhu, in ruwa ya taɓa shi ya koma kunu. Muna da injin busarwa, amma ya lalace. Ƙarfen da ya karye a cikinsa mutum biyu kawai ke sayar da shi a duk tsibirin Jawa. Wata bakwai ke nan ana jiran Allah ya kawo na uku. Saboda haka mata ke shanyawa a fili, a kan fayafan gora, suna aiki da ido ɗaya, ɗayan yana sama.

Mataki na 3: Kada bakinka ya ce "ba a sayar da wannan"

A makon ƙarshe na gwajin Gunadi, damina ta kai ƙarshen haukarta. Kullum ruwa, kwaɗi har cikin masallacin kamfani. Ga wani babban mai saye da jirginsa zai tashi Asabar, kuma faifai dubu uku ne dole su bushe ranar Alhamis. Sai ga takarda daga saman bene, da hannun mai kamfani: A sayo rana guda, Alhamis.

Gunadi ya karanta ya yi dariya. Ya duba, shi kaɗai ke yi.

"Bu, rana fa ya ce."

"Na iya karatu."

"To wa ke sayar da ita?"

"Da na sani, da ban ɗauki mataimaki ba. Juma'a wata ukunka ke cika. Kerupuk ya bushe, fayil ya cika, ka zauna da mu. Ɗaya ya kuskure, ka koma tasha wurin tabaranka."

Ya fito baranda ya tsaya yana kallon ruwa, yana tunanin matarsa, wadda ta riga ta gaya wa dukan danginta cewa mijinta ya zama ɗan ofis. Ni na kai masa shayi na tuna masa da masu korar hadari. Wa ke bikin aure a damina bai kira ɗaya ba? Limamin kamfani ya ji mu yana wucewa, ya ce ruwa na Allah ne, ba wani tsoho mai tsintsiya da ya isa ya matsar da ɗigo ɗaya. Gunadi ya ce gaskiya ne, Malam, amma zai iya rubuta masa hakan a takarda da farashi? Liman ya wuce.

Mataki na 4: Rubuta siffar kayan dalla-dalla

Mai sayarwa ba ya kawo abin da kake so, abin da ka rubuta yake kawowa. Gunadi ya ɗauki fom ya cika shi haka. Kaya: rana. Adadi: guda. Launi: irin wanda aka saba. Lokaci: daga takwas na safe zuwa huɗu na yamma. Girgije: fari kaɗan ba laifi, baƙi ba a so. Wurin da aka ce a rubuta ƙasar da aka ƙera kayan ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ja layi.

Mataki na 5: Je ka ga masu kayan da idonka

Ya hau babur ya zaga su uku a yini ɗaya.

Na farko Mbah Sarkawi ne, tsoho mai zama gabas da kamfani, bayan tafkunan jatan lande. In ya karɓi aiki ba ya wanka sai an gama, kuma da yake damina ce aiki bai yanke masa ba tun watan jiya. Gunadi ya zauna a tabarmarsa, ya sha shayinsa yana numfashi da baki, ya faɗi ranar, ya karɓi dangwale.

Na biyu Pak Darmaji ne, ɗan zamani, yana da takarda mai sunansa a sama da wayoyi biyu. Ya ce shi ba ya hawa rufi sai ya ga inda hadari ya dosa a waya, kuma nasa aikin yana da garanti.

"Garanti kamar yaya, Pak?"

"In aka yi ruwa, zan zo da kaina in yi maka jaje."

Ta uku Mbah Tukinem ce, 'yar tsohuwa mai sayar da furannin kai wa kabari a bakin kasuwa. Kayan aikinta tsintsiyar kwakwa ce da ake kafawa kai sama, a tsira barkono ja da albasa a tsinkayenta. Ta dubi fom ɗin a juye, ta dubi Gunadi.

"Ɗan nan, ni ba na hana ruwa. Tura shi nake yi gefe, kamar yadda ake tura akuya daga bakin ƙofa. Kuma akuya tana dawowa."

"Kaka, nawa ne?"

"Ka ci abinci kuwa? Dubi wuyanka."

Sai da ya cinye shinkafa da soyayyen waken suya kafin ta faɗi farashi. Nata ne mafi araha.

Mataki na 6: Rage wani abu, ko mene ne

Mataimakin da ya biya farashin farko bai yi aiki ba. Ko kyauta aka ba ka, ka ce a rage. Gunadi ya koma wurin tsohuwa washegari, ya sunkuyar da kai, ya ce kamfani yana cikin wani hali.

"To," in ji ta. "A rage kuɗi, a rage awa guda. Ta safe zan cire ko ta yamma?"

Ya yi tunani irin na ɗan ofis, wanda bai taɓa ɗaukar faifai a kansa ba. Ya ce ai zuwa ƙarfe uku komai ya bushe. A cire ta yamma.

Doka ta ce in an canza ko harafi ɗaya a siffar kaya, duk waɗanda suka ba da farashi sai an kai musu sabuwar takarda. Ya kai wa Sarkawi, ya kai wa Darmaji: takwas zuwa uku. Bu Lasmini ta duba ragin, ta ce "hm." A ofishinmu wannan kamar a yi maka kalangu ne.

Mataki na 7: Sanar da waɗanda suka faɗi, in za ka iya

Ba za ka iya ba. Wa zai zauna a tabarmar tsoho, ya sha shayinsa, ya koma karo na biyu da takarda, sannan ya dubi idonsa ya ce ba kai aka zaɓa ba? Ba a yi wa Gunadi irin wannan tarbiyya ba. Ya je wurin Mbah Sarkawi da niyya, ya durƙusa, ya tambayi lafiyar gwiwarsa, ya tambayi lafiyar agwaginsa, ya ce to Allah ya kai mu Alhamis lafiya, ya tashi. Wurin Darmaji ma haka, sai dai shi ba shi da agwagi.

Ranar Alhamis da sassafe su uku suka bayyana a bakin ƙofa, kowa da ƙunshinsa.

"Wannan mai warin me ya zo yi?" in ji Mbah Tukinem.

"Na zo in ga yadda ake korar hadari da kayan miya," in ji Mbah Sarkawi.

Darmaji kuwa yana neman inda zai sa waya caji. Gunadi ya raba musu wuri kamar mai raba faɗan zakaru: tsohuwa a rufin sito, tsoho a kan tankin ruwa, Darmaji a rumfar babura. A fayil ya rubuta biyun a matsayin masu jiran ko-ta-kwana, waɗanda kamfani ke sallama da buhun karyayyen kerupuk.

Abin da na gani ranar zan faɗa maka, ka yarda ko kada ka yarda. Hadari ya taso daga gabas, ya zo daidai katanga ya karkata kudu. Ya zago ta yamma ya sake karkata. Haka ya yi ta zagaya kamfanin kamar baƙon da ya rasa ƙofa. A tsakiya kuwa wani rami ne shuɗi, rana tana zubowa ta ciki a kan faifai dubu uku. Na ga wani mazari ya tsaya cak a bakin ramin, rabin jikinsa a haske, rabi a duhu, ya kasa zaɓa.

Mataki na 8: Sa mai sito ya sa hannu cewa kaya sun iso

Kayan da mai sito bai karɓa ba ba su zo ba. Namu Pak Kasiran ne, mai ƙaton ciki da ƙaramin fensir a bayan kunne. Da tsakar rana Gunadi ya jawo shi fili, ya nuna masa sama. Ya kare ido da littafinsa ya daɗe yana dubawa.

"Mas Gun, wannan ai ta hannu ce. Na taɓa ganinta bara."

"Pak, don Allah sa hannu."

"Ina kwalinta? In ta lalace me za mu mayar?"

"Pak Kasiran, matata tana da ciki."

"Ni ma ina da shi, wa ya tausaya mini?"

Daga ƙarshe ya rubuta: An karɓi rana guda, ba sabuwa ba, tana aiki. Ya sa hannu.

Mataki na 9: In ka ga kuskurenka ya taso, kada ka gudu, cika fom

Uku saura kwata, shugabar mata masu shanya ta zo ta murɗa kerupuk ɗaya, ya karye ƙas. Ta ce ya yi, a fara kwashewa. Gunadi ya tambaye ta minti nawa kwashewar ke ci.

"Minti? Awa guda, in ba wadda ta tsaya gyara ɗankwali."

Ya ɗaga kai. Ramin nan shuɗi ya fara tsukewa. Mbah Sarkawi yana saukowa daga tanki da sabulu a hannu. Mbah Tukinem tana cire albasa daga tsintsiya tana zubawa a jaka.

Ka tsaya nan ka yi tunani, don nan ne aikin yake. Fayil ɗin Gunadi ya cika, ba wanda zai ce sashen sayayya ya yi laifi. Amma Bu Lasmini abu biyu ta ce, kuma ɗayan yana shimfiɗe a fili ƙarƙashin ruwan yini guda da aka hana sauka. In ya roƙi ƙarin awa da baki, ya sayi abu babu takarda. In bai roƙa ba, kunu.

Sai ya tuna cewa masu kayan su uku duk suna cikin katanga. Ya finciki fom uku ya zuba da gudu.

"Mbah Sarkawi, ƙarin awa guda, nawa?"

"Ɗan nan, kwana arba'in da ɗaya ban yi wanka ba. Ruwan nan na wankana ne. In kana son in fasa, sai ka ba ni babur ɗinka da matar da za ta yarda ta hau bayana."

"Dangwala nan."

Ya dangwala. Darmaji ya ce wayoyinsa biyu sun mutu, amma farashi ba ya mutuwa, ya rubuta ninki biyu. Gunadi ya hau tsani zuwa rufin sito yana haki.

"Kaka, awar nan da na cire."

"Na san za ka dawo. Ba sai ka ƙara ko sisi ba, na ga wuyanka. Amma barkonon ya yi laushi, rana ta cinye shi. Sai sabo, guda bakwai, ja."

Ta dangwala. Bu Lasmini ta riga ta fito tana tsaye a gindin tsani da hatimi a hannu, abin da ban taɓa gani ba, don hatimin nan bai san iskar waje ba. Gunadi ya sauko ya sunkuya, ta ɗora takardun a gadon bayansa, ta duba su uku, ta buga wa mafi araha.

Saura barkono. Akwai buhu goma sha biyu a sito. Pak Kasiran ya tsaya a ƙofa ya cika ta da cikinsa.

"Takardar fitar da kaya, Mas Gun. Sa hannun sashen girki, sa hannun mai kamfani."

"Mai kamfani yana Surabaya!"

"To ka saya a waje. Farashi uku."

Ɗigon farko ya faɗo a kan kwano, tas. Mata suna gudu da fayafai bibbiyu a ka, suna salati suna zagin sashen sayayya. Gunadi ya tsaya da takardu a hannu, bai san inda zai sa ƙafa ba.

Bu Lasmini ta juya ta shiga ofis. Ta fito da kwanon abincinta na rana, ta buɗe, ta tsince barkono bakwai daga gefen shinkafa, ta damƙa masa a tafin hannu. Ba fom, ba lamba, ba farashi ko ɗaya.

"Hau," ta ce. "Me kake kallo?"

Ya hau. Tsohuwa ta tsira su a tsintsiya, ta juya ta gabas, ta yi wa hadarin magana kamar mai lallashin jika. Ɗigon ya tsaya. Kowa ya shiga kwasa, har liman, wanda ya ɗauki faifai huɗu yana cewa rediyo dama ta ce sai ƙarfe huɗu za a yi ruwa. Faifai na ƙarshe yana shiga rumfa sama ta ɓalle. Ba wanda ya jiƙe sai Gunadi, da ke kan tsani da takardu cikin riga, da Mbah Sarkawi, da ke tsakiyar fili yana cuɗa hammata yana waƙa.

Mataki na 10: Ka san abin da ba ka gani ba

Ranar Juma'a Bu Lasmini ta buɗe fayil. Ta bi shi shafi-shafi da yatsa, Gunadi yana tsaye, hannu a baya. Ta zo ƙarshe ta rufe.

"Mas Gunadi, Mbah Tukinem ta yi aikin ƙarin awa da me?"

Ya buɗe baki. Ya dubi kwanon abincinta a gefen tebur. Ya dubi yatsanta a kan fayil. Shekara ashirin da biyu ba ta taɓa karya doka ba sai jiya.

"Da tsintsiya, Bu."

"Da tsintsiya kawai?"

"Ni abin da na gani ke nan. Ruwa ya shiga mini ido."

Ta ture fayil ɗin gefe. Sannan ta jawo aljihun tebur, ta fito da takardar tabbatarwa, ta miƙo mini hannu ba tare da ta dube ni ba. Na ba ta hatimi. Ta buga da ƙarfin da sai da kyanwa ta farka.

Gunadi yanzu shi ne mataimakin shugaban sashe, kuma in ana hira aka kawo maganar ranar Alhamis ɗin nan, sai ya ce shi bai cika tuna abin da ya wuce ba.

Gargaɗi

Ruwa na Allah ne, yana saukar da shi inda ya so, lokacin da ya so. Ban ce tsintsiya ta yi wani abu ba, na ce na ga tsintsiya. Duk wanda ya bi matakan nan aka kore shi, ko kayansa suka koma kunu, ko tsofaffi uku suka tare a rufin gidansa suka ƙi sauka, shi ya jiyo, kada ya nemi ƙofata. Kuma in wata rana ka haɗu da Bu Lasmini ta tambaye ka inda ka ji maganar barkono, ba ka san ni ba, ba ka taɓa zuwa Sidoarjo ba.